Na Ba Da Shaidar Zur a Kan Matata, Na'ura Kuma Ta Rubuta

Zuwa ga Hajiya Maimon, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki hanzarta, domin kwana goma sha shida kaɗai suka rage mini. Tun da na yi wayo ban taɓa neman shawarar kowa ba, ni ake zuwa tambaya. An ce wanzami ba ya son jarfa, to yau ga shi ya miƙo goshi da kansa.

Ni ban yi makaranta ba. Abokina Deraman, tsohon mai raba wasiƙu, shi yake rubuta wannan a bayan shagon kofi, bayan ya rantse ba zai kai ta gaba ba. Yara sun nuna mini wai ana yi wa waya magana ta rubuta da kanta, na ce Allah ya kiyaye, abin da na'ura ta riga ta rubuta a kaina ya ishe ni. Sunayen da za ki gani duk ba na gaskiya ba ne. Na aro su daga mutanena da ke kwance a makabarta, na san ba za su kai ni ƙara ba.

Shekaruna saba'in da takwas. Ƙauyenmu a bakin kogi yake, tafiyar rabin awa a babur daga birnin Kota Bharu. Kin san halin ruwan ƙarshen shekara. Duk ambaliyar da ta zo sai ta tumɓuke alamomin kaburbura ta watsar da su cikin ciyawa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, in ruwa ya janye ni nake bi ina cewa nan wane, nan wance, nan jaririn da bai kai ranar suna ba. Daga baya abin ya wuce makabarta. In an yi gardamar iyakar gonar roba, ni ake kira. In za a ɗaura aure, liman sai ya aiko a tambaye ni ko yaran sun sha nono ɗaya, domin ni na san wace mace ta shayar da ɗan wa a shekarar da zazzaɓi ya kwantar da rabin ƙauye. Sau biyu na warware baiko da bakina, ba takarda ba shaida, kuma babu wanda ya ce uffan. A wurinmu in aka ce tsoho ya faɗa, to an rufe magana. Ba alfahari nake yi ba. Ina so ki san nauyin bakin da na yi ƙarya da shi.

Matata Sepiah muna tare shekara hamsin da biyu. Ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu da ƙauyuka biyu na gaba. Mutane suna mana ba'a wai ita ta wanke ni in ajiye, gidanmu ne tashar ƙarshe. Mace ce mai baki. Da safe in ina laluben hulata sai ta ce, "Tsohon biri, ka san kakan kakan kowa, amma hular da ke kanka ta gagare ka." Haka muke, ba ranar da ba mu yi ba.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo gawar wata maƙwabciyarmu, Mek Lijah, bayan ta yi wata bakwai a asibiti ba ta san wanda yake kanta ba. Sepiah ta je wanka kamar kullum, 'ya'yan matar suka zauna suka miƙe ƙafafu aka ɗora musu uwarsu a cinya, kamar yadda al'adarmu take. Ta dawo bayan la'asar. Na sayo mata shuɗiyar shinkafar nan da ake rinawa da fure, wadda take so, da kifi, ko kallon ƙunshin ba ta yi ba. Ta zauna a matakalar gida da ledar kayan aikinta a hannu, ta ce, "Na wanke mata sun fi ɗari uku, yau ne na rasa inda zan sa hannu. Baya duk gyambo. Ga rami a maƙogwaro, ina zuba ruwan magarya yana shiga, sai da na cusa auduga. 'Yar autarta da ke riƙe da kan ta kau da fuska." Sai ta damƙe wuyan hannuna. Ta ce, "Kai mai riƙe maganar mutane, riƙe tawa. In tawa ta zo haka, kada ka bari a huda mini wuya. Ka dawo da ni gida, ka kwantar da ni a ɗakin gaba, a karanta mini Yasin, in tafi da fatata a haɗe. Ba na so Norizan ta kau da fuska." Norizan 'yarmu ce. Na ce ke da za ki binne ni, me ya kawo wannan zance? Ta ce, "Rantse, tsoho." Na rantse. Ranar Alhamis ce. Babu kowa a wurin sai ni da ita da kaji.

Wata huɗu da kwana tara ke nan da muka faɗi. Ni nake tuƙa babur, tana baya, za mu gaida mai jego. Yara sun daɗe suna cewa in daina tuƙi saboda idona na hagu, na ƙi, na ce na fi titin nan tsufa. Saniya ta faɗo daga cikin ciyawa. Ni gwiwa kawai na kuje. Ita ba ta ɗaure igiyar hular kwano ba, kullum cewa take yi tana matse mata lulluɓi. Kanta ya bugi gefen kwalbati.

A babban asibitin birni suka yi mata aiki, suka ajiye ta ɗakin masu tsananin ciwo da bututu a baki. Kwana na goma sha biyu likitarta, wata mace mai natsuwa da zan kira Likita Vasanthi, ta tara mu a wani ɗan ɗaki, ni da Norizan da ɗana Shukri da ya taso daga Kuala Lumpur. Akwai wani allo a kan tebur. Likita ta ce wannan na'ura ce da ta ga hotunan ƙwaƙwalwar dubban mutane da yadda kowannensu ya ƙare. Ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, taimako take yi don kada a manta tambayar da ta kamata. Na'urar ta ce cikin mutum ɗari masu irin raunin Sepiah da irin shekarunta, da ƙyar uku suke farfaɗowa har su gane nasu. Likita ta ce bututun baki ba zai ci gaba da zama ba. Ko dai a huda maƙogwaro a ci gaba, ko a sauƙaƙa mata, a kawar da zafi, a bar wa Allah ikonsa. Ta ce abin da ake nema a sani shi ne abin da ita mai jikin za ta zaɓa da tana iya magana.

Ashe tun kafin nan Norizan ta yarda an ba na'urar saƙonnin murya da uwarta take aika mata. Sepiah ba ta iya rubutu ba, amma in ta danna wayar nan sai ta yi minti biyar tana zuba, daga tsadar kifi zuwa ciwon ƙugu. Cikin saƙonni sama da dubu na'urar ta tsamo guda ɗaya, aka kunna. Hajiya, kwana goma sha biyu ban ji muryar nan ba. Tana cewa, "Kin ji labarin Mek Lijah? Allah ya raba mu da irin wannan kwanciya, 'yar nan. Af, ki ce wa mijinki ya dawo mini da tsanina." Na'urar ta ce wannan yana iya zama addu'a ce ta fatar baki, yana iya zama kuma abin da ke ranta ne, amma bai isa a gina hukunci a kansa ba. Sai ta yi tambaya. Ta ce ko akwai wanda ta taɓa gaya wa a fili?

Duk suka juyo suka kalle ni, kamar yadda aka saba juyowa.

Na ce ta faɗa. Na ce ta gaya mini in dai da numfashi a yi mata duk abin da za a iya, kada a gaji. Har na kawo rana da wuri kamar yadda nake yi a kan iyakar gona, na ce Alhamis ce bayan la'asar, a matakalar gida. Ranar gaskiya ce, wurin gaskiya ne, maganar kaɗai na musanya. Shukri ya sauke numfashi ya ce, "Shi ke nan, Baba ya faɗa." Norizan ta daɗe tana kallona, ta ce, "Haka Mama ta ce, Baba?" Na ce, "Na taɓa yi miki ƙarya?" Ta sunkuyar da kai.

Na shirya faɗa da na'urar nan. Na ɗauka za ta ƙaryata ni, in samu abin yi wa tsawa, in ce ƙarfe ya san matata fiye da ni? Ba ta yi ba. Ta gode mini. Ta ce shaidar mijin da ya zauna da ita shekara hamsin ta fi saƙo ɗaya nauyi, ta rubuta. Washegari aka huda wuyan.

Tun ranar duk sabon likitan da ya zo sai ya ɗaga allo ya karanta: mijinta ya shaida cewa tana so a ci gaba. Sai ya kalle ni da girmamawa. Ƙaryar mutum a ƙauye tana tsufa, ta dusashe, masu jinta su mutu. Wannan kullum sabuwa take kamar yanzu na faɗe ta.

Yanzu an mayar da ita ɗaki na sama. Idonta yakan buɗe amma ya wuce ta kaina, kamar tana kallon wani da ke tsaye a bayana. Ta rame har zoben aurenta sai da aka cire. Bayanta ya fara. An koya wa Norizan yadda ake share ramin wuyan, kuma ranar farko ina tsaye na gani, ta kau da fuska. Ba ta san na gani ba. Ta rufe rumfar atamfarta ta kasuwa, yaranta suna gidan surukai. Duk da haka in ta gaji sai ta ce, "Ai abin da Mama take so ne, Baba, za mu yi mata."

Ba fatalwa nake gani ba, kada ki ɗauke ni mai taɓin hankali. Ai tana da rai, wa zai ga fatalwar mai rai? Amma da tsakar rana, in na dawo daga sallar azahar na hau matakalar nan, sai ƙanshin kafur ya tare ni, alhali ledar kayanta tana ɗaure a saman kabad ba wanda ya taɓa. A nan saman kabad ɗin likkafaninta yake, ita ta yanka abinta da kanta tun bara. Ba na iya zama a ɗakin gaba. A asibiti kuma in iska tana fita ta ramin nan tana yin wani sauti, ni kunnena "rantse" yake ji. Na gaya wa kaina iska ce. Kunnen bai yarda ba.

Sai abin da ya faru makon jiya. An yi rasuwa, masu haƙa suka zo in nuna musu wuri. Na nuna kusa da bishiyar da ke gabas, na ce nan babu kowa. Ba su kai ƙugu ba diga ta bugi katako. Kabari ne. Suka tsaya suna kallona, suna jiran in ce na wane ne. Hajiya, na tsaya a bakin ramin nan na lalubi kaina, babu suna. Shekara arba'in da ɗaya hakan bai taɓa faruwa ba. Na ce musu ruwa ne ya matsar da bishiyar. Kin ji, ƙarya ta biyu ke nan. Bishiya tana matsawa?

Amma ki ji nawa ɓangaren, don ban yarda na'ura ta san gaibu ba. Ta ce uku cikin ɗari. Wa ya gaya mata Sepiah ba ta cikin ukun? Ina da shekara ashirin wani saurayi mai suna Jusoh ya faɗo daga bishiyar kwakwa, ya yi kwana arba'in ba ya motsi, har an fara raba kayan aikinsa, ya tashi ya nemi taba. Ya ƙara shekara goma sha tara, ni na nuna inda aka sa shi. Na'urar ba ta san Jusoh ba. Kuma rannan Sepiah ta matse mini yatsa. Ma'aikaciyar jinya ta ce jijiya ce kawai. To jijiyar wa? Rai na Allah ne. In na ce a daina, ba kisa ba ne?

Nan Deraman ya ajiye alƙalami ya ce, "Kai tsohon banza, ba Jusoh ne ya dame ka ba. Muddin tana numfashi, haɗari kuka yi. Ranar da ta daina, kai ne ka tuƙa." Saura kaɗan in watsa masa kofi. Na ce ya goge. Ban san ko ya goge ba tunda ba na iya karantawa.

Ga abin da ya sa na ce kwana goma sha shida. Sau biyu ciwon huhu yana kama ta. Likita Vasanthi ta ce zai dawo, kuma tana so mu sake zama nan da kwana goma sha shida mu tsai da magana: in ya dawo, ko zuciya ta tsaya, a danna ƙirji a mayar da ita kan babbar na'urar numfashi, ko a bar ta cikin sauƙi, har ma in muna so a shirya mana mu kai ta gida. Ta ce na'urar allon nan za ta sake tambaya ko akwai abin da ya canza, ko wani ya tuna wani abu. Za su sake juyowa su kalle ni.

In na yi shiru, na san abin da za a yi mata. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli Norizan da ta yi wata huɗu tana share ramin da ni na sa aka huda? Kuma in ƙauye ya ji tsoho ya yi ƙarya a kan matarsa, me zai hana a ce ya yi a kan gonar wane, da baikon wance da na raba? Akwai mutum biyu da suka yi aure da wasu daban saboda bakina. Ki gaya mini abin da zan yi. Amma kada ki ce na'ura ta fi ni sanin matata, ba zan karɓa ba.

Naki cikin damuwa,
Mai Nuna Kaburbura

*

Baba Mai Nuna Kaburbura,

Wa alaikumus salam. Na ɗaga wasu wasiƙu na sa taka a gaba saboda kwanakin da ka ambata. Deraman bai goge ba, kuma Allah ya saka masa da alheri.

Ba zan ce na'ura ta fi ka sanin matarka ba, domin ba ta fi ka ba. Ita kanta ta nuna haka. Ta tsinci rabin magana a cikin saƙo, ta ce bai isa ba, ta nemi wanda ya ji cikakkiya. Kai ne ka ji. Don haka ka daina yi wa allon nan kallon abokin gaba. Rigimarka tsakaninka da Alhamis ɗin nan ce ta matakalar gida.

Kana da gaskiya a wasu wurare. Lissafi ba gaibu ba ne, uku cikin ɗari ba sifili ba ne, kuma kana da haƙƙin a sake duba ta. Lissafin da aka yi a kwana na goma sha biyu ne, yanzu an wuce wata huɗu. Ka nemi Likita Vasanthi ta sake gwaji, ka gaya mata maganar yatsa, ka ce a gwada a gabanka ko tana matsewa in an ce ta matse. In kana so wani likitan ma ya duba, ka nema, ba rashin kunya ba ne. Ka tambaye ta kai tsaye: tana jin zafi? Danna ƙirji me zai yi wa jiki irin nata? Amma ka shirya jin amsa. Jusoh saurayi ne da ya tashi a kwana arba'in. Ka riƙe sunansa ne saboda ya tashi. Waɗanda suka faɗo ba su tashi ba, kai ka fi kowa sanin inda suke.

Batun kisa kuwa, ni ba mai fatawa ba ce. Abin da na sani, malamai da yawa suna bambanta ɗauke rai da barin wani magani da likitoci amintattu suka ce ba zai dawo da lafiya ba, sai dai ya ja wahala. Ka samu malamin da ka yarda da iliminsa, ka kai shi ya zauna da likita, ya ji halin da take ciki daga bakinta, sannan ya ba ka amsa. Kada ka ba shi labari da kanka a masallaci. Mutumin da ke cikin tsoro ba ya iya ba da labari daidai, ko da shi ne mai riƙe tarihin gari.

Yanzu ga mai ɗacin. Dole ka faɗa. Matarka ta ba ka amana tana cikin hankalinta, da sanin da ya fi na kowa a kan abin da take gudu, domin da hannunta ta taɓa shi. Ka yi abin da ka yi a rana ta goma sha biyu cikin firgici, gwiwarka ko warkewa ba ta yi ba, kuma duk mai zuciya zai fahimce ka. Amma in ka maimaita nan da kwana goma sha shida, ka yi ne da saninka, bayan ka ga bayanta da wuyanta.

Kada ka jira zaman asibiti. Wannan ba maganar gaban likita da allo ba ce. Cikin kwana biyun nan ka zauna da Norizan ku biyu, a gida. Ka faɗi maganar uwarta kalma da kalma, har da abin da ta ce game da ita, sannan ka faɗi abin da ka yi, ba tare da kawo saniya ko Jusoh ba. Za ta yi kuka, tana iya yin fushi, ka bar ta ta yi, haƙƙinta ne. Ina kuma zaton ba za ta yi mamakin da kake tsammani ba. 'Yar da ta sake tambaya "haka Mama ta ce?" ta san uwarta. Mai yiwuwa wata huɗun nan tana zargin kanta ne a kan shakkar da take yi wa mahaifinta, kuma gaskiyarka za ta sauke mata wannan. Daga nan ku kira Shukri, ya zo da kansa in zai yiwu. Shi ya fi jingina da maganarka, zai fi jin faɗuwar, ku ba shi lokaci kafin ranar zama.

A wurin likita ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce shaidar da na bayar ba daidai ba ce, ga abin da ta faɗa, a gyara. Ba kai ne na farko da tsoro ya sa ya yi haka a wannan ɗakin ba, kuma abin da na'ura ta rubuta ana iya gyara shi cikin minti ɗaya. Sannan ku tambayi yadda komawa gida za ta kasance a aikace: wa zai riƙa zuwa duba ta, maganin zafi, kula da wuyan, da wanda za ku kira in abu ya rikice. Ku yanke tare, ku uku. Ka daɗe kana yanke magana kai kaɗai, wannan karon kada ka ɗauke ta kai kaɗai.

Ƙauye ba shi da hurumi a nan. Magana ce ta gida da likita, ba wanda ya ce ka yi shela. Baikon da ka raba da iyakokin da ka nuna suna nan a kan gaskiyarsu in da gaskiya ka yi su. Abin da zai ɓata su shi ne ka saba, kuma ka ga ta biyu ba ta yi maka wuyar fita ba. Ka koma wurin masu haƙa ka ce mantuwa ka yi. Dattijo mai shekara saba'in da takwas da na tabbata ba ya barci, ba ya cin abinci, yana ɗauke da irin wannan kaya, in ya manta kabari ɗaya ba azaba ce ta sauko masa ba. Ka gaya wa likita ta duba ka kai ma, kuma ka zaga makabartar nan da Deraman da littafi tun ƙafa tana ɗaukarka.

Haɗarin kuma, i, kai ka tuƙa, kuma an hana ka ka ƙi ji. Ka nemi gafarar Allah a kan taurin kai, ka ajiye makullin babur. Amma ka sani yawan kwanakin da za ta yi a gadon nan ba za su rage komai daga wannan rana ba. Kai ne kake samun jinkiri, ita ce take biya da jikinta.

Kafin duk waɗannan, gobe da safe ka je wurinta. Ka ja labule, ka sunkuya daidai kunnenta, ka gaya mata ka karya rantsuwa kuma ka zo gyarawa. Ban san ko za ta ji ba, likita ma ba ta sani ba. Wuyan an riga an huda, wannan ba ya dawowa. Amma gida yana nan, ɗakin gaba yana nan, masu karanta Yasin suna nan. Cikin abin da ta roƙe ka, mafi yawansa har yau yana hannunka.

Allah ya yi mata sauƙi ta hanyar da ya fi so, ya tausasa zukatan 'ya'yanka a kanka, ya ba ka ƙarfin buɗe baki.

Taka,
Hajiya Maimon